Sharhi kan hoton MRCP da aka yi wa mahaifina a Kano

Wata biyu cur muka shafe muna yi wa mahaifina maganin shawara kafin wani likita ya rubuta mana takardar yin hoton MRCP, wato hoton da ke nuna hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji. Baba ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarunsa 68, kuma bai taɓa kwanciya asibiti ba. Idanunsa ne suka fara yin rawaya, sannan fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, bayan gidansa ya yi fari kamar farar ƙasa, ga wani ƙaiƙayi da ya hana shi barci har sai da ya ji wa ƙafafunsa ciwo da susa. Babu zazzaɓi, babu ciwon ciki, shi ya sa muka sakankance cewa jiƙo da saƙe-saƙin da 'yan uwa ke aikowa za su wadatar.

Gwajin jini ya nuna ba shi da ciwon hanta nau'in B ko C. Sikanin ɗin ciki kuma ya nuna cewa hanyoyin da ke kwaso ruwan matsarmama a cikin hanta sun kumbura, ita kuwa jakar matsarmamar ta motse, kuma babu tsakuwa a cikinta. Ke nan akwai abin da ya toshe hanya daga sama, amma sikanin bai iya faɗin ko mene ne ba. A nan ne aka tura mu wata cibiya mai zaman kanta da ke da na'urar MRI, domin da ita ake ɗaukar wannan hoto.

Aikin ɗaukar hoton kansa ba ni da abin kushewa a ciki. An umarci Baba da kada ya ci komai na tsawon awa 6, aka tambaye shi ko akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinsa, aka duba sakamakon gwajin ƙodarsa kafin a yi masa allurar da ke fito da tsoka sarai a hoto. Ya kwanta kusan minti 40 a cikin na'urar da ƙararta ta yi kama da ta injin markaɗe. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aikacin da ya ɗauki hoton, wanda ya zauna ya yi masa bayani da Hausa tun kafin a fara, sannan ya riƙa yi masa magana daga ɗakinsa yana cewa, "Baba, ku ja numfashi, ku riƙe, to ku sake." Daga baya na fahimci cewa wannan ba ladabi ba ne kawai, domin hanta tana motsi tare da numfashi, kuma wanda bai gane umarnin ba hotonsa zai fito dishi-dishi, a yi asarar kuɗi da wahala.

Inda cibiyar ta gaza shi ne wajen mu'amala. An ba mu ƙarfe 9 na safe, amma ba a shigar da shi ba sai bayan azahar, alhali dattijo ne marar lafiya da bai karya ba. An ce rahoto zai fito cikin kwana 2, ya ɗauki kwana 5. Da ya fito, mai karɓar baƙi ce ta miƙo mini ambulan ba tare da ko kalma ɗaya ba, na buɗe a bakin ƙofa na ci karo da kalmar kolanjiyokasinoma, na nemi ma'anarta a wayata ina tsaye a rana. A ganina bai kamata ɗa ya san cewa mahaifinsa yana da ciwon daji ta wannan hanya ba. Faifan hoton ma sai da na koma na nema, bayan likitan tiyata ya ce shi hoton yake son gani da idonsa, ba takarda kaɗai ba. Duk wanda zai je, kada ya baro wurin sai da faifansa a hannu.

Likitan tiyatar ne ya warware mana komai. Ya zana hanta a takarda, ya nuna mahaɗar da bututun ruwan matsarmama na dama da na hagu suke gamuwa kafin su gangara zuwa hanji, ya ce a daidai nan ƙarin ya tsiro. Irin wannan ana kiransa ƙarin Klatskin, da sunan likitan Amurka da ya yi bayaninsa a 1965, kuma duk da cewa kansar wannan bututu ba ta da yawa, a wannan mahaɗa ta fi fitowa. Ya ƙara da cewa gwajin jini na CA 19-9, da ake yi don neman alamar kansa, wanda ya hau sosai a wurin Baba, ba hujja ba ce shi kaɗai, tunda toshewar kanta tana iya ɗaga shi. Tiyata ce kawai ke iya raba mutum da cutar, kuma sau da yawa sai an haɗa da yanke wani sashe na hanta, amma hoton ya nuna ƙarin ya riga ya kama babbar jijiyar jinin da ke shiga hantar.

Kuɗin hoton ya haura albashina na wata guda, kuma amsar da ya bayar ba mai daɗi ba ce, amma ban yi da-na-sani ba, domin shi ya hana a buɗe cikin Baba a banza, shi kuma ya nuna inda za a soka siririn bututu ta fata zuwa cikin hanta don ruwan da ya taru ya sami mafita. Mako biyu bayan sa bututun ƙaiƙayin ya lafa, idanunsa suka fara washewa, ya koma cin tuwo. Yanzu muna jiran sinadarin bilirubin, wanda ke sa idanu yin rawaya, ya sauka a jininsa yadda za a iya fara masa gemcitabine da cisplatin, magungunan da ake haɗawa wa masu wannan cuta tun bayan wani bincike da aka wallafa daga Birtaniya a 2010. Ranar Talata za mu koma a sake auna jinin.