Canjin kik a tsohuwar Fijo 504: yadda na ga aikin

Duk mai riƙe da Peugeot 504 a Sakkwato ya san injinta ba ya cika ba da wahala, kayan wuta ne ke gajiya. Tawa haɗin Kaduna ce, inda aka fara harhaɗa Fijo a 1975. In na murza makulli sai in ji "ƙas", daga nan shiru, musamman idan inji ya ɗau zafin rana. Yaran unguwarmu a Mabera har sun gaji da turi.

Abin da ya fara burge ni da mai rewayar da na kai wa shi ne bai yi gaggawar ɗora laifi a kan kik, wato na'urar da ke juya inji ta tada shi, ba. Sai da ya gwada batir, ya kankare kawunansa, ya bi wayar da ke kama jikin mota, domin tsatsa a wurin kan kawo irin wannan ƙara. Sannan ya cire kan batir ya kwance kik ɗin. Da ya buɗe shi a kan kwali, gawayin ciki da ke kai wuta ya cinye saura ƙiris, haƙoran bendis, wato ɗan giyan da ke fita ya kama inji, sun lashe, ƙura ta cakuɗe da giris ta zama tamkar kwalli. Ya kuma haska tocila ya duba haƙoran filawil, wato faifan inji da bendis ke kamawa, don in sun karye, sabon kik ma cinye shi za su yi.

Na so sayen sabo mai arha. Ya girgiza kai: "Alhaji, wagga mota ba ta shiri da na kwali." Aka samo tokumbo ƙirar Valeo. Kafin ya ɗaura, ya take shi da ƙafa a ƙasa ya jona masa batir, bendis ya yi tsalle waje yana juyi da ƙarfi.

Inda ban ji daɗi ba: an ce kafin azahar, sai bayan la'asar na karɓi makulli. Yaron shago ya bar mini shatin baƙin mai a kujera, garanti kuwa na baki ne kawai.

Amma motar yanzu murza ɗaya take tashi, da sanyin asuba ko da tsakar rana. Tsohon kik ɗin na karɓo abina, za a sa masa sabon gawayi da bendis in ajiye a but, tunda kayan 504 sai ƙara wuya suke.