Wane wurin shaƙatawa na kyauta ya kamata ka zaɓa?

Rashin mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa bai isa a ce fita ta zo da sauƙi ba. Iyali kan je lambun da ba a biyan komai, su dawo aljihu ya yi sanyi, saboda kuɗin mota zuwa da dawowa, da ruwan sha, da rigimar yara a gaban masu sayar da kayan wasa. Don haka kafin ka tsayar da wurin da za ka riƙa zuwa, auna shi yadda kake auna duk abin da za ka saya: nawa zai ci maka, me za ka samu, kuma za ka iya jurewa a kai ko kuwa ɗoki ne na mako biyu.

Ni dai ra'ayina, kusanci ya fi komai nauyi a wannan ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce babban mutum na buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa aƙalla minti 60 kowace rana. Wannan ba abin da ziyara ɗaya a wata za ta biya ba ne. Dole sai wurin da ƙafa za ta kai ka. Shi ya sa masana tsara birane ke yawan ambaton mita 300 a matsayin tazarar da ta dace tsakanin gida da wuri mai itatuwa, wato tafiyar kamar minti biyar.

To, ƙaramin lambun unguwa shi ne zaɓi na farko. Ba shi da wani abin burgewa sosai: ’yan itatuwa, benci biyu ko uku, wataƙila lilo. Amma ba ka biyan kuɗin mota, ba sai ka yi shiri ba, idan yaro ya ɓata kayansa ko hadari ya taso, kafin ka ankara kun isa gida. Ga tsoho mai ciwon gwiwa da uwa mai goyo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma a nan ne ake sabawa da fuskoki, har ta kai idan ba a gan ka kwana biyu ba a tambayi lafiyarka. Inda yake da rauni shi ne ƙaranci da kulawa. Mai son gudu zai gaji da zagaye wuri guda, banɗaki sau da yawa babu, kuma idan masu kula da shi suka yi sakaci, nan da nan ciyawa ta yi tsawo, shara ta taru.

Babban lambun gari labarinsa daban. Irin wannan ya samo asali ne daga tunanin cewa ma'aikacin da ba shi da gona ko farfajiya shi ma ya cancanci iska mai kyau. Lambun Birkenhead a Ingila, wanda aka buɗe a 1847 da kuɗin jama'a, yana cikin na farko-farko, kuma ya yi tasiri a kan Frederick Law Olmsted, ɗaya daga cikin waɗanda suka zana Central Park na birnin New York, mai faɗin eka 843, wanda har yau ba a biyan kuɗin shigarsa. A irin waɗannan wurare za ka tarar da dogayen hanyoyin tafiya, da fili na shimfiɗa tabarma, da banɗaki, da ma'aikata masu sintiri. Da zarar ka nutsa ciki, ƙarar motoci sai ta ja baya, kuma wannan natsuwar ita ce abin da ƙaramin lambu ba zai taɓa ba ka ba.

Sai dai a nan ne kuɗi ke zurarewa ba ka sani ba. Shiga kyauta, amma ajiye mota na iya zama da kuɗi, haka hayar keke ko kwale-kwale, haka wasu wasannin yara da aka killace. Abin sha da abin taɓawa a ciki yawanci sun fi na waje tsada, tunda mai sayarwa ya san ba ka da wani zaɓi a kusa. Lissafa kuɗin motar kowa da kowa, zuwa da dawowa, ka ninka sau huɗu idan kowane mako kake nufin zuwa. Idan abin ya yi maka nauyi, mai da shi wurin zuwa lokaci-lokaci, ka zo da ruwanka da guzurinka daga gida, ka kuma faɗa wa yara tun kafin a fita abin da za a hau da abin da ba za a hau ba.

Filin wasanni na jama'a kuwa na wanda ya fito da niyyar zufa ne. Idan akwai hanyar tsere irin ta ƙa'ida, zagaye ɗaya mita 400 ne, biyu da rabi kilomita guda, ka ga ba ka buƙatar agogo mai tsada kafin ka san nisan da ka yi. Inuwa ce babu, kuma ƙwallo ba ta tambayar wanda za ta buga, don haka ba wurin kai jariri ba ne. Tambayi lokutan da ƙungiyoyi ke atisaye, kada ka je ka tarar an cika. A wasu ƙasashe akwai tsarin Parkrun, gudu ko tafiyar kilomita 5 kowace Asabar da safe, kyauta, wanda aka fara a 2004 a lambun Bushy da ke Landan. Idan ana yi kusa da kai, hanya ce mai kyau ta samun abokan tafiya.

Akwai kuma bakin kogi ko tafki da gefen daji. Wajen kyau da sanyin rai babu kamarsu. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya shafi mutum kusan 20,000 a Ingila, ya nuna waɗanda ke shafe aƙalla minti 120 a mako a irin wuraren nan masu itatuwa da ruwa sun fi yawan cewa suna jin lafiya da walwala, ko a zama ɗaya suka yi ko a rarrabe. Amma mai ƙananan yara ya yi tunani sau biyu. Yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, kuma sau da yawa ba tare da ihu ba. Ruwan da ke kwance gidan sauro ne, ga shi taimako na da nisa idan wani abu ya faru. Kada ka je kai kaɗai ba tare da wani ya san inda kake ba.

Duk wanda ka karkata gare shi, gani ya kori ji. Je ka duba shi a daidai lokacin da kake son riƙa zuwa, domin wurin da yake cike da masu tattaki da safe na iya zama kufai da magariba. Abu na farko da nake kallo shi ne su wane ne a ciki. In ka ga mata da yara da tsofaffi a zaune hankali kwance, wannan ya fi kowane allon sanarwa gaya maka gaskiya game da tsaro. Sannan ka ƙarasa wajen wasan yara ka sunkuya. Mene ne a ƙarƙashin lilon? Faɗuwa ce ta fi jikkata yara a wuraren wasa, don haka yashi mai kauri ko shimfiɗar roba ake so, ba siminti ko ƙasar da ta daskare ba. Kama sarƙar ka girgiza, duba ko ta ci tsatsa a inda ta haɗu da ƙarfen sama, ko wani ƙusa ya leƙo. Ɗora bayan hannunka a kan ƙarfen da yara ke zamewa: in ya ƙona ka, cinyar yaro ba za ta jure ba. Tura yashin da takalmi ka ga ko akwai fasasshen kwalba. Leƙa banɗaki, murɗa famfo, ɗaga kai ka ƙirga fitilun da ke da rai.

Inuwa ma a saka ta cikin lissafi. Hasken rana mai ƙona fata ya fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, saboda haka lambu mai manyan itatuwa ya fi wanda aka ƙawata da furanni amma babu wurin fakewa. Sai dai itacen da ke kare ka daga rana ba ya kare ka daga tsawa. Da ka ji cida, nemi gini ko mota, ka jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe.

Yaushe ne wurin motsa jiki na kuɗi ya fi? Idan sai dare kake tashi daga aiki, ko likita ya ɗora ka a kan atisayen da ke buƙatar na'ura da mai lura, ko yanayin inda kake yana hana fita na watanni, to biyan kuɗin yana da hujja. In ba haka ba, fara da lambun da ya fi kusa na wata guda kafin ka sa hannu a kowace rajista. Kayan da za ka saya ma kada su wuce takalmin da bai matse ka ba da gorar ruwa da za ka riƙa cikawa daga gida. Keke da sauran kayan atisaye su jira sai ka ga fitar ta zauna maka.