Rumbun bayanai na ma'aikata da yawa: wanne ya iya kulle layi?

Kwalin madara ɗaya ne ya koya mini hankali. A wani shagon sari da na taɓa kula da kwamfutocinsa, masu karɓar kuɗi biyu suka buɗe layin kaya ɗaya a rumbun bayanai, wato layin da ke ɗauke da bayanin kayan a kwamfuta, a lokaci guda. Kowa ya ga saura kwali ɗaya, kowa ya yanka rasit. Ni aka tsare da ido. Tun daga ranar, kafin in tambayi kuɗin manhaja, sai na tambayi yadda take yi idan hannu biyu suka haɗu a layi ɗaya.

A cikin manhajojin rumbun bayanai, Access na Microsoft na mutum ɗaya ne da ɗan uwansa. A takarda yana ɗaukar mutum 255, amma fayil ne guda da ba ya wuce gigabait 2, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, sai addu'a. SQLite kuwa mai rubutu ɗaya yake bari a lokaci guda, saura su jira. Ya dace da waya, ba kanti mai teburi biyar ba.

Ni dai PostgreSQL nake saka wa mutane, ba na ɓoyewa. Kyauta ne. Idan wani yana gyara layi, mai dubawa ba ya tsayawa jira, ana nuna masa yadda layin yake kafin a fara gyaran. Mai son sayar da kwalin ƙarshe sai ya kulle layin da umarnin SELECT FOR UPDATE, na biyu ya dakata, in ya samu shiga ya tarar kaya sun ƙare. Tun fitowar 9.5 a 2016 akwai SKIP LOCKED, mai tsallake layin da ke hannun wani, abin da ya dace da rabon oda tsakanin ma'aikata. In kuma biyu suka yi cirko-cirko, kowa na riƙe da abin da ɗayan ke jira, bayan daƙiƙa 1 yakan bincika ya soke aikin ɗaya. Sai dai ba tsafi ba ne: in mai rubuta manhajar bai nemi kullen ba, kwalin nan sau biyu zai sake sayuwa.

MySQL ba laifi muddin teburorin bayanansa (jerin layuka) na nau'in InnoDB ne, mai kulle layi ɗaya-ɗaya. Ɗaya nau'in, MyISAM, tebur gaba ɗaya yake kullewa.

Inda aka fi cutar mutane wajen masu kawo manhajar ne. Wani zai ajiye fayil ɗin Access a foldar da kowa ke shiga, ya ce maka ai ta ofis ce, ya ninka kuɗi. Wani ya ɗora maka SQL Server na sata. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai watsa NOLOCK, umarnin SQL Server na karanta layi ba tare da jiran kulle ba, ko'ina don kada a ga manhajarsa tana tsayawa. Sauri kam za ka gani, amma rahotonka zai riƙa ƙirga cinikin da ba a kammala ba, har da wanda aka soke.

Kada ka biya sai an gwada a gabanka. Zaunar da yaranka biyu, su buɗe kaya ɗaya, wannan ya sa farashi 500, wancan 700, su adana a jere. Manhajar kirki za ta tsayar da na biyu ta ce masa an riga an canza layin, ya sake dubawa. In ta karɓi duka biyun shiru, gyaran na farko ya bi ruwa, kuma haka za ta yi wa lissafinka ranar kasuwa.