Wasiƙa daga Merilan: yadda ake karanta sakamakon gwajin bakin mahaifa a Amurka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na ga ya dace in rubuto miki cikakken bayani a kan gwajin sankarar bakin mahaifa da na yi miki maganarsa ta waya, domin ke ungozoma ce kuma kin fi ni sanin yadda ake yi a gida.

A nan jihar Merilan, macen da ta kai shekara 30 zuwa 65 tana da zaɓi uku: ko ta yi gwajin Pap, wato a gogo ƙwayoyin bakin mahaifa a duba ko sun sauya, duk shekara uku, ko ta yi gwajin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, duk shekara biyar, ko a haɗa mata biyun a lokaci ɗaya, shi ma duk shekara biyar. Ni an haɗa mini biyun. Kwana goma bayan haka, ina cikin wanke-wanke bayan sallar isha'i, sai wayata ta yi ƙara, na buɗe manhajar asibiti na tarar da sakamako tun kafin likita ta kira ni. An rubuta cewa akwai HPV, amma ba nau'in 16 ko 18 masu yawan haddasa sankara ba, sannan ga waɗansu haruffa, ASC-US, waɗanda ban san ma'anarsu ba. Wannan ɗabi'a ta sakin sakamako a waya da dare, babu wanda zai yi wa mutum bayani, tana cikin abubuwan da ban yaba wa asibitocin nan ba, domin a daren ban runtsa ba.

Da na je, likitar, wadda mace ce domin ita na nema kuma ba a yi mini gardama ba, ta bayyana mini cewa ASC-US na nufin an ga ƴan sauye-sauye a ƙwayoyin bakin mahaifa waɗanda ba a tantance ma'anarsu ba, kuma shi ne mafi sauƙi cikin sakamakon da ake kira mara kyau. Daga nan ta ɗauko wayarta ta buɗe wata manhaja, ta shigar da shekaruna da sakamakon, sannan ta tambaye ni ko an taɓa yi mini gwajin HPV a baya. Na ce mata shekarun baya an duba ni a gida da ruwan kal, irin wanda kuke shafawa ku ga ko wurin zai yi fari, aka ce lafiya lau, amma babu takarda. Ta ce ko da takardar tana hannuna ba za ta shiga lissafin ba, domin abin da ke rage haɗari a wannan tsari shi ne gwajin HPV na baya da ya fito babu komai. Sai ta danna inda aka rubuta cewa ba a san tarihi ba, manhajar ta nuna kashi 4 da ɗoriya cikin ɗari.

Wannan lamba ita ce zuciyar maganar. Ƙungiyar likitocin bakin mahaifa ta Amurka, wadda ake kira ASCCP, ta sake fasalin ƙa'idojinta a 2019, inda ta bar tsohon salon da kowane sakamako ke da matakinsa guda ɗaya, ta koma ga auna yiwuwar cewa mace tana ɗauke da CIN3 ko abin da ya fi shi. CIN3 shi ne mataki mafi tsanani na sauyin da ke gabatar sankara, amma shi kansa bai zama sankara ba tukuna. An ciro alkaluman ne daga bayanan mata kimanin miliyan ɗaya da rabi da aka bi diddiginsu shekara da shekaru a tsarin lafiya na Kaiser Permanente da ke arewacin Kalifoniya. Idan haɗarin da mace ke ciki a yanzu ya kai kashi 4 cikin ɗari, za a tura ta kolfoskofi, wato a duba bakin mahaifar da na'ura mai ƙara girma a kuma tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Idan ya kai kashi 25, za a ba ta zaɓi tsakanin duban da yin magani kai tsaye, idan kuwa ya kai kashi 60, kamar macen da ke da HPV 16 tare da sauyi mai tsanani a gwajin Pap, to an fi son a cire wurin ba tare da jiran sakamakon nama ba, muddin ba ta da juna biyu kuma ta kai shekara 25. Wadda haɗarinta bai kai kashi 4 ba, sai a duba hasashen shekara biyar masu zuwa, a ce ta dawo bayan shekara ɗaya, ko uku, ko biyar.

Abin da ya sa na fahimci tsarin sosai shi ne wata maƙwabciyata ƴar Gana, Bahaushiyar zango, wadda sakamakonta ya zo iri ɗaya da nawa harafi da harafi, amma aka ce mata ta koma gida sai baɗi. Da farko na zaci ko dai an yi mata sakaci ne, ko kuwa ni ake so a tatsa. Ashe ita shekara biyar da suka wuce ta yi gwajin HPV ya fito babu komai, kuma sakamakon yana nan cikin kwamfutar asibiti. Wannan kaɗai ya rage haɗarinta zuwa kusan rabin nawa, wato kashi 2 cikin ɗari, domin yana nuna cewa cutar sabuwar kamu ce, kuma mafi yawan sabon kamu jiki ne ke kawar da shi da kansa cikin shekara biyu. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya daɗe ya ƙi tafiya, domin shi ne ke iya rikiɗewa ya zama sankara a hankali, cikin shekara 15 zuwa 20 ga mai ƙarfin garkuwar jiki.

Na tambayi likitar me zai hana a cire wurin kowa ya huta. Ta ce yankan da ake yi da zaren lantarki yana iya ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini nan gaba, saboda haka ba a taɓa bakin mahaifar macen da ke son haihuwa sai lissafi ya nuna cewa barin ya fi taɓawar haɗari. Duban nawa bai wuce minti ashirin ba, kuma da ta shafa ruwan sai na ji warinsa na gane cewa ruwan kal ɗinku ne dai, bambancin kawai na'urar da take leƙawa da kuma ɗan naman da ta tsinka. Sakamako ya nuna CIN1, wato mataki mafi sauƙi na sauyin, wanda ba a yi masa magani, aka ce in dawo bayan shekara guda a sake gwajin HPV.

Sai batun kuɗi. Gwajin farko ban biya ko sisi ba, domin dokar lafiya ta 2010 ta wajabta wa yawancin kamfanonin inshora su ɗauki nauyin irin wannan gwaji na rigakafi. Amma kolfoskofin an lissafa shi a matsayin binciken cuta, sai ga takardun biyan kuɗi har biyu, ɗaya daga asibiti ɗaya daga ɗakin gwaji, jimillarsu ɗaruruwan daloli, kuma babu wanda ya gaya mini tun farko. Akwai shirin gwamnatin tarayya da ke yi wa mata marasa ƙarfi da marasa inshora gwajin nono da na bakin mahaifa kyauta ko da rahusa, sai dai baƙuwa ba za ta san da shi ba sai wani ya nuna mata.

Ba na ganin salonku na gida a matsayin koma baya, ko da yake na san wasu da suka zo nan suna raina shi. Tsarin Amurka ya dogara ne ga cewa mace za ta dawo, kuma idan ta manta za a aiko mata da saƙo. Ke kuwa macen da ta taso daga ƙauye ta biya kuɗin mota, ta samu izinin maigida da ƙyar, idan kika ce mata ta dawo baɗi, wataƙila ba za ki sake ganinta ba sai jini ya ɓalle mata. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da a gwada a kuma yi magani a zama ɗaya, ko ta hanyar daskarar da wurin ko ƙona shi da zafi. Duk da haka a ƙa'idojinta na 2021 ta fifita gwajin HPV a kan duban ruwan kal, daga shekara 30, ko daga 25 ga mata masu ɗauke da HIV, waɗanda haɗarinsu ya ninka na sauran mata sau shida. Alkaluman 2020 sun nuna cewa a Najeriya mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan sankara a shekarar, kusan 8,000 suka rasu. Amurka tana samun sabbin masu kamuwa kusan daidai da haka a shekara, amma masu rasuwa sun tsaya wajen 4,000, alhali ta fi mu yawan jama'a.

Akwai wata magana da nake so ki riƙa faɗa wa matan da ke zuwa wajenki, musamman masu zama da kishiyoyi. Samun HPV ba ya nuna lokacin da aka ɗauka ko wajen wanda aka ɗauka, domin ƙwayar tana iya kwanciya shekaru ba ta bayyana ba, kuma mafi yawan masu aure suna haɗuwa da ita a wani lokaci na rayuwarsu. Likitar ta faɗa mini wannan tun ban tambaya ba, kuma ya sauƙaƙa mini maganar da na yi da maigidana a daren.

Roƙona gare ki guda biyu ne. Duk wadda kika gwada, ki rubuta mata a kati irin gwajin da aka yi, da ranar, da abin da aka gani, ki ce ta adana shi kamar yadda take adana katin awo, domin na ga da idona yadda tsohon sakamako ya raba hanyata da ta maƙwabciyata. Na biyu, tun da an fara yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta a Najeriya daga Oktoban 2023, kuma tana kare su daga nau'in 16 da 18 masu haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara, ki binciko mini ko an yi wa ƴan matan gidanmu, ki sanar da ni.