Zagayen rabin yini a Adis Ababa kan tarihin Mengistu: sharhina

Duk wanda jirginsa zai yada zango a Adis Ababa na tsawon sa'o'i, kamar yadda yake faruwa da 'yan kasuwarmu masu zuwa Cana ko Dubai, zai ga kamfanonin yawon buɗe ido suna tallar zagayen birni. Na ɗauki ɗaya daga cikinsu, na zaɓi zagayen da ya shafi zamanin Derg, gwamnatin sojan da ta kifar da Sarki Haile Selassie a watan Satumba na 1974. Kuɗina bai tafi a banza ba, amma akwai gyara.

Mota mai kyau ce, direba ya zo kan lokaci. Ɗan jagoranmu ya fara da dandalin Meskel, inda a 1977 Mengistu Haile Mariam, shugaban Derg a lokacin, ya tsaya gaban taro ya farfasa kwalabe cike da jan ruwa, alamar jinin waɗanda ya kira maƙiyan juyin juya hali. Ɗan jagoran ya bayyana yadda Mengistu, manjon soja da bai yi fice ba, ya hau sama ta kan gawawwakin jami'an sarki da na abokan tafiyarsa: kisan manyan jami'ai sittin a Nuwamba 1974, sannan harbe shugaban Derg, Janar Teferi Bante, a Fabrairu 1977. Wannan ɓangaren ya iya shi sosai.

Gab da dandalin ne gidan tarihin tunawa da waɗanda aka kashe a zamanin Jan Ta'addanci (kisan gillar da Derg ta yi wa 'yan adawa) yake, wanda aka buɗe a 2010. Nan ne zuciyar tafiyar. Bango cike da hotunan matasa, yawancinsu ɗalibai, wasu ko gemu bai fito musu ba. Ga ƙoƙunan kai da ƙasusuwa a cikin gilashi, waɗanda aka tono daga kaburburan bai ɗaya. Ga siffar mutum ɗaure a jikin sanda, kai ƙasa, yadda ake dukan tafin ƙafar fursuna. Dattijon da ya zagaya da mu a ciki shi kansa ya sha ɗauri. Ya ba mu labarin yadda ake sa iyaye su biya kuɗin harsashin da aka kashe ɗansu da shi kafin a ba su gawa. Wallahi na kasa tambayarsa komai.

To, a nan matsalar take. Muna tsaka da sauraron dattijon, ɗan jagora ya shiga nuna mana agogo, wai lokacin shan gahawa da shagon tsaraba ya yi. Wurin da ya cancanci a zauna a nutsu, shi aka gaggauta.

Na biyu, labarin faɗuwar Mengistu an taƙaita shi ƙwarai. Mun tsaya a hasumiyar Tiglachin, ta tunawa da sojojin Habasha da na Kyuba a yaƙin Ogaden da Somaliya, amma ba a haɗa mana zaren ba. Ba a ce komai ba kan yunwar 1984, lokacin da gwamnati ke shagalin cika shekara goma mutane na mutuwa a yankunan Wollo da Tigray. Ba a yi maganar janyewar tallafin Tarayyar Sobiyet ba, ko faɗuwar tashar Massawa a hannun 'yan tawayen Eritiriya a 1990. Abin da aka faɗa kawai shi ne Mengistu ya tsere Zimbabuwe a Mayu 1991. Sai da na tambaya aka ƙara da cewa kotu ta same shi da laifin kisan ƙare dangi a 2006, aka yanke masa hukuncin kisa a 2008 ba ya nan, kuma Zimbabuwe ta ƙi miƙa shi.

Idan za ku yi wannan zagaye, ku yi yarjejeniya tun a waya cewa za a ba gidan tarihin akalla sa'a biyu, a cire shagon tsaraba. Ku tanadi abin da za ku saka a akwatin gudummawa a bakin ƙofa. Kada ku shiga da ƙananan yara ɗakin ƙasusuwan.