Kafin ka zaɓi manhajar gina gajimarenka, duba yadda netwok ɗinta yake

Wanda zai haɗa gajimarensa na kansa, wato sabobi biyu ko uku da zai riƙa kunna kwamfutocin kwaikwayo (VM, kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a cikin saba) a cikinsu, yakan ɓata lokaci wajen lissafin ƙwaƙwalwa da faifai. Ni abin da na fi dubawa yanzu shi ne wannan: ranar da kwamfutar kwaikwayo ta tashi amma ta kasa magana da kowa, zan iya ganin inda matsalar take da idona? Da wannan ma'aunin nake auna manhajojin duka.

Ba zan ɓoye ba, Proxmox VE nake so. Wani kamfani ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya ya fitar da ita a 2008, an gina ta a kan Debian, tana amfani da KVM wajen kwamfutocin kwaikwayo da LXC wajen kwantena, wato ƙananan tsarukan Linux da aka keɓe. Netwok ɗinta gada ce irin ta Linux da aka saba, wato suwic na cikin manhaja da ke haɗa kwamfutocin kwaikwayo da katin netwok, sunanta vmbr0, kuma duk tsarinta yana cikin fayil guda, /etc/network/interfaces. Ka buɗe shi, ka karanta, ka gyara. Wata rana na ƙara faifan NVMe a sabata, na kunna, shiru kake ji, shafin gudanarwa na tashar 8006 ya ƙi buɗewa. Na jona allo da madannai, na buga ip link, sai ga katin netwok da sunansa yake enp3s0 ya koma enp4s0. Linux tana raɗa wa kati suna ne bisa matsayinsa a layin PCIe, sabon faifan ya ture lissafin, gadar kuwa tana nan riƙe da tsohon suna. Lamba ɗaya na canja, komai ya dawo. Sakacina ne da ban ɗaure sunan da adireshin MAC, lambar shaidar katin, tun farko ba, amma gyaran bai ci minti biyar ba, don babu abin da aka ɓoye mini.

Haka lamarin VLAN, wato raba netwok ɗaya zuwa sassa masu lamba. Ka kunna zaɓin da ke sa gada ta gane VLAN, ka ba kowace kwamfuta lambarta tsakanin 1 da 4094. In ta ƙi samun adireshin IP, ka sa tcpdump, mai nuna bayanan da ke wucewa, a kan gadar: buƙatar DHCP, wato roƙon adireshin, ta fita? In ta fita ba amsa, je ka duba suwic, galibi tashar ce ba a saita ta ta ɗauki lambar ba. Kuma kar ka wahalar da kanka da ɗora gada a kan Wi-Fi, na'urar da ke raba shi ba ta yarda da baƙon adireshin MAC da bai yi rajista da ita ba. Sa waya.

Sauran fa? ESXi ta kamfanin VMware manhaja ce mai ƙwari, babu musu, amma tun da Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin, sai biyan kuɗi na lokaci-lokaci, ga ta da tsirfa wajen katin da za ta karɓa. XCP-ng, wadda kamfanin Vates na Faransa ke kula da ita, an gina ta a kan Xen maimakon KVM, ba ta da laifi in kana da haƙurin koyon Open vSwitch, manhajar suwic da take amfani da ita. Hyper-V na gidan da komai nasu Windows ne. OpenStack kuma, wadda NASA da Rackspace suka fara a 2010, ga mai saba uku tamkar ɗauko tirela ne don kai buhu ɗaya, sashen netwok ɗinta, Neutron, kaɗai ya isa ya sa ka furfura.

Abu ɗaya da babu wadda za ta tsare ka daga gare shi shi ne MTU, iyakar girman ƙunshin bayanai da zai iya wucewa. Girman ƙunshin bayanai da aka saba shi ne bayit 1500, VXLAN, hanyar naɗe netwok ɗin kwaikwayo a cikin na gaske, yana cin 50 daga ciki, saura 1450. In ka manta, ping zai yi aiki lafiya lau, shafuka kuwa su tsaya rabi, kwafin fayil ya maƙale. Gwada ping -M do -s 1472, ka yi ta rage lambar har ta wuce.

To, ga inda na ƙone. Na taɓa sayen kati mai tashoshi huɗu a wata kasuwar intanet, an rubuta i350-T4 na Intel, farashinsa ya faɗi ƙasa warwas, ni kuma kwaɗayi ya ja ni. Da farko lafiya. Bayan 'yan makonni, da zarar an fara kwafin ajiya da dare sai tashar ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa. Corosync, sashen Proxmox da ke riƙe da sabobin a matsayin gungu, ba ya jure jinkiri, sai saba ta ɗauka 'yan uwanta sun mutu, ta sake kunna kanta. Kwana da kwanaki ina zargin gada, ina zargin katangar tsaro, ina sauya waya. Ashe katin jabu ne. Araha ba ta ado.

Jabun i350 da X520, wani katin Intel ɗin, sun cika kasuwa, kuma manhaja ba za ta tona su ba, don lspci, umarnin da ke lissafa katunan da ke cikin saba, zai nuna maka sunan da ya dace. Sai ka duba da ido. Na gaske yana zuwa da takardar tantancewa mai ƙyalli da lambar da za a iya bincikawa. Dubi rubutun da ke kan ƙananan baƙaƙen tiransifomomin da ke bayan tashoshi, da tsabtar walda, da kaurin ƙarfen sanyaya shi. Mai sayarwar da ya sa hoton kamfani maimakon hoton katin da ke hannunsa, wuce shi. Wanda ya ce yana da ɗari sababbi fil ba kwali, shi ma wuce shi. Ni yanzu na fi yarda da tsohon kati da aka ciro daga sabar Dell ko HP, mai ɗauke da lambar kayan kamfanin. Haka ƙananan na'urorin SFP+ da ake cusawa a tashar kati don jona waya: X520 kan ƙi wanda bai sani ba, don haka ka tambaya ko an saita shi don Intel kafin ka biya. Masu tallar makullin lasisin VMware a bagas kuma, sata suke sayar maka, ranar da kake neman sabuntawar tsaro ba za ka gan su ba.

Duk katin da ka saya, ka kwana kana gwada shi da iperf3, manhajar auna gudun netwok, a dukkan tashoshinsa, kana leƙa dmesg, inda Linux ke rubuta matsalolin kayan aiki, tun lokacin mayar da kaya bai ƙare ba.