Na hau jirgin ƙasan Blue Line na Legas, ga abin da na gani

Jama'a satin da ya wuce na shiga jirgin nan na cikin garin Ikko daga Marina zuwa Mile 2, kuma wallahi sai da na yi ta duba agogo don ban yarda ba, wajen minti ashirin muka sauka, hanyar da in kana cikin danfo, bas ɗin hayar Legas, gosulo ya riƙe ka sai ka yi azahar da la'asar a kan titi. Jirgin na lantarki ne, akwai esi mai sanyi, ba kwandasta mai ihu a kunnenka, katin biyan kuɗin hawa da ake kira Cowry kawai za ka ɗora a ƙofa ka wuce. Ta kan gada yake bi ya tsallake ruwa, ka hango National Theatre ta taga kamar hular soja.

Inda ya gaza shi ne gajarta. Kilomita 13 ne kacal, tasha biyar, ni kuma Alaba Rago za ni wajen kawuna, dole a Mile 2 na koma danfo, sai kashi na biyu na layin ya kai Okokomaiko can wajensu tukuna.

Abin da ya tsaya min a rai ina zaune a ciki, tun 1983 gwamna Jakande ya fara maganar jirgin cikin gari, sojoji suka hau mulki aka soke aikin a 1985, sai Satumbar 2023 wannan ya fara ɗaukar fasinja. Shekara arba'in fa! Garin da ya fi wasu ƙasashe yawan mutane amma harkar layin dogo tana hannun tarayya ita kaɗai, sai a 2023 ɗin aka gyara kundin tsarin mulki jihohi suka samu ikon yin nasu. Gaskiya ni a ganina babban gari a bar shi ya yi wa kansa hanya, wanda yake zaune a Abuja bai san zafin cunkoson Oshodi ta Legas da ƙarfe shida na yamma ba.

Mu namu na Kano ma ya fi ɗaure kai, birni ɗaya an yanka shi ƙananan hukumomi takwas, Dala nan Fagge can Kumbotso can, ba wanda za ka ce shi ne mai garin ka kama shi kan cunkoson Kwari.

In za ka hau, ka sa kuɗi a katinka tun kafin ka isa, kuma ka zauna gefen taga.